Amsa ga mai tambaya kan tiyon birki mai saƙar ƙarfe na Hilux

Alhaji, barka da warhaka. Abin da na fahimta daga tambayarka shi ne: Hilux ce ta 2012, an ƙara mata ganyen sifirin har bayanta ya tashi wajen inci 2, kana lodin albasa da ita daga yankin Goronyo zuwa cikin Sakkwato, kuma in tafiya ta yi nisa sai birki ya yi laushi. Mai kayan gyara ya ce ka sayi tiyo mai saƙar ƙarfe a bayansa, wai shi ne maganin abin. Kana tambaya ko ka saya.

Kada ka biya kuɗin tukuna. Tiyo mai saƙar ƙarfe ba ya rage nisan da mota ke ci kafin ta tsaya. Aikinsa kawai shi ne ba ya kumbura kamar na roba idan man birki ya matsa shi, don haka ƙafa za ta ji fedar ta ɗan ƙara tauri. Tsayuwar mota kuwa tana ga taya, da fatar birki, da faifai, da nauyin da ka ɗora.

A fara gano inda laushin yake. Idan birki lafiya lau yake da safe, sai ya yi zafi yake nutsewa, ya huce ya dawo, to man birki ne ke tafasa. Man yana shan damshin iska a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. DOT 4 kuwa 230 ne sabo, 155 in ya jiƙa. Ɗora wannan a kan zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40 a nan, ga lodi, ga direba yana jan birki a ƙafa, sai man ya koma tururi a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse fatar birki a jikin faifai, tururi kuma matsuwa yake yi. Abin da ka bayyana ya fi kama da wannan. Idan kuwa kullum fedar na da laushi, amma in ka taka sau biyu ko uku sai ta yi tauri, iska ce a ciki ko kuma layinin baya, wato fatar birkin baya, ya yi nisa da ganga, yana son gyaran saiti. Idan ka ɗora ƙafa ka riƙe sai ka ji tana tafiya ƙasa sannu a hankali, robar masta, wato famfon da fedar ke turawa, ce ta mutu ko akwai yoyo. Duk cikin ukun nan babu wanda sabon tiyo zai gyara, sai dai in yoyon daga tiyon yake.

Shi tiyon kansa gwajinsa ba wuya. Wani ya taka birki da ƙarfi, kai kuma ka kama tiyon da hannu kana dubawa. In ya yi ƙululu, ko ka lanƙwasa shi ka ga tsage-tsage, ko bakin ƙarfen da aka matse ya jiƙe da mai, ya gama aiki. Akwai kuma wanda ke rubewa ta ciki, waje sumul: mai ya tafi amma ya kasa dawowa, sai taya ɗaya ta riƙe tana zafi, mota na ja gefe. Da zarar an kwance ɗan noti na fitar da iska ka ga tayar ta saki, to ka kama ɓarawon.

Abin da ya fi damuna a motarka shi ne tsawo. Tiyon baya da ke saukowa daga shasi zuwa aksul an auna shi ne da tsayin mota na kamfani. Da aka ɗaga ta inci 2, duk lokacin da taya ta faɗa rami ba kaya, aksul ya sauko, tiyon na iya miƙewa kamar tsirkiyar baka. In haka ne, wata rana zai tsinke daga baki. A ɗaga motar ta shasi, a bar aksul ya rataye gaba ɗaya, sannan a duba. Dole ya rage sako-sako, ko da na yatsa biyu ne. In ya miƙe sar, kana buƙatar wanda ya fi shi tsawo da kimanin milimita 50, kuma a nan ne mai saƙar ƙarfe ke da amfani na gaske, domin galibi su ake samu da ƙarin tsawo. Kada kuma a wuce gona da iri, wanda ya yi tsawo da yawa zai riƙa gogar sifirin ko salansa. A gaba kuma a juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, a tabbatar ba ya taɓa taya ko shoka.

Idan motarka marar ABS ce, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, akwai wani bawul a baya mai sanda da ke haɗe da aksul, shi ke auna nauyin kaya ya raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. Da aka ɗaga motar, bawul ɗin yana ɗauka ba kaya ko da an cika ta, sai ya rage wa baya ƙarfi, gaba ya ɗauki wahalar duka ya yi zafi. A ɗaga maƙalin sandar daidai da yadda aka ɗaga mota. Makanikai da yawa ba sa kula da wannan.

In ka yanke shawarar sayen mai saƙar ƙarfe, nemi wanda cikinsa Teflon ne (wani irin filastik mai jure zafi), saƙar bakin ƙarfe ce marar tsatsa, kuma an lulluɓe bayansa da roba. Wannan lulluɓin a ƙasarmu ba ado ba ne. Ƙurar hunturu da yashin hanyoyin fadama suna shiga tsakanin saƙar su riƙa cin bututun ciki, ba kuma za ka gani ba sai ranar da ya fashe. Saƙar da ba lulluɓi kuma tana kankare duk abin da ta goga, har wayar ABS. Bakinsa ya zama na matsin inji, ba wanda ake haɗawa da tiyon da sifana ba, kuma a jikinsa a ga SAE J1401 ko DOT, alamun cika ƙa'idar tiyon birki. Tiyon da masu haɗa na tarakta da katafila ke yankawa su matse ba na wannan aiki ba ne, robarsa ta man haidurolik ce, man birki na cinye ta. Ɗan Beljiyam ma a bar shi, roba ce da ta riga ta tsufa a jikin wata motar. A ra'ayina, ga motar da ba a ɗaga ba, tiyon roba na asali sabo ya fi jabun mai saƙar ƙarfe sau goma, kuma shi yana nuna alama kafin ya mutu.

Tafi da tsohon a hannu wajen saye. Notin Toyota M10 ne mai tazarar zare 1.0, kuma bakin bututun mai ninki biyu ne da ke buɗewa kamar mazurari. Motocin Turai da yawa nasu baki mai kumburi ne. Notin zai shiga, har ya yi kamar ya ɗauru, amma ba zai zauna ba, yoyo zai biyo baya. Na inci na motocin Amurka ma yana iya shiga, amma da an ɗaure zai lalata zaren ramin.

Bututun ƙarfe da ke bin shasi kuwa, milimita 4.75 ne. Tunda ba a zuba gishiri a hanyoyinmu kamar a ƙasashen ƙanƙara, bai cika ruɓewa ba sai inda laka ta daskare ko dutse ya buga. In za a sake, a sa na ƙarfe ko na jan ƙarfe mai gaurin nikel. Zallan jan ƙarfe irin na masu gyaran firji yana taurara da girgiza ya tsage. Walda ko dalma a bututun birki, ko a doke bakin na tayar da ke yoyo a toshe shi a ci gaba da tafiya, wannan wasa da rayukan mutane ne.

Wajen ɗaurawa, a yi amfani da sifanar bututu mai lamba 10, ta gama-gari tana cinye kan noti. Notin bututu ba ya son ƙarfi, wajen 15 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri ya isa. Inda ake da kusa mai rami a kalifa, a sa sababbin wosha biyu na jan ƙarfe, a ɗaure wajen 30 Nm. Tiyon kada ya murɗe, layin da ke jikinsa shi zai nuna maka. Kada a rataye kalifa a jikin tiyo, kada kuma a matse shi da filaya don tsayar da mai. Mai Teflon in an matse shi sau ɗaya ya lalace ke nan. A canza na gaba biyun tare.

Sannan a zubar da tsohon mai gaba ɗaya. Lita ɗaya ta DOT 4 daga gorar da ba a taɓa buɗewa ba za ta isa. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da naka, man giya ko na sitiyari kuwa kumbura duk robobin zai yi. A fitar da iska daga tayar baya ta dama, sai baya hagu, gaba dama, gaba hagu, sannan bawul ɗin nauyi in akwai, ana lura kada kofin masta ya ƙafe. Da an gama, a taka fedar da ƙarfi na minti ɗaya a duba kowace mahaɗa, a gwada a fili ba kaya, sannan da kaya. Bayan tafiyar farko a sake leƙawa ƙasa a ga ko akwai inda tiyon ya fara gogewa, man kuma a riƙa sake shi duk shekara biyu.