Motata na warin fetur, an kuma ɗaure mata fis da waya: za ta kama wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a nan Maradi, unguwar Zariya. Ina da Toyota Carina E ƙirar 1996, ƴar Kwatano, ta ci kilomita dubu 380 da ɗoriya. Makon jiya muna dawowa daga Ƙonni muka tarar da wata mota tana ci da wuta tsakanin Gidan Rumji da Tibiri, mutane sun yi cirko-cirko ba abin da suka iya. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, don tawa ma in na tayar da ita da safe ina jin warin fetur, wani lokaci da dare kuma in ji ƙaurin roba. Fis ɗin fitilun baya, shuɗi mai lamba 15, ya ƙone sau huɗu cikin wata guda, sai mai gyaran wayarin ya naɗa masa zaren waya, ya ce fis ɗin yanzu ne ba su da ƙarko. Tun daga nan bai sake mutuwa ba. Da motar nan nake kai yara makaranta. Tsufa ne ya kawo haka? In sayar da ita tun ba ta ƙone da mu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa mai waccan motar da mafi alheri. Ba zan lallashe ka ba: motar da ke zubar da fetur, aka kuma ɗaure mata fis da waya, ta haɗa kayan gobara cif, lokaci kawai take jira. Daga yau kada yaro ya ƙara shiga cikinta, kada ka tuƙa ta da fitila a kunne, sai an gyara abu biyun nan. In ka ajiye ta da yamma, ka buɗe kapo iska ta ratsa, in ta huce ka ɗauki sifana lamba 10 ka kwance kan batir mai alamar ragi. Ka bar ta a fili, nesa da ɗakin kwana, nesa da rumfar da aka jibge harawa.

Kilomita dubu 380 ba abin tayar da hankali ba ne ga Carina. Injin da ya gaji sai dai ya riƙa shan baƙin mai, ya yi hayaƙi, ya kasa ja da kaya. Abin da ke tsufa ya ci amanar mai mota shi ne roba: tiyon mai, robobin wuyan injekta, gaskit ɗin murfin inji da rigar wayoyi. Robar da aka yi a 1996 ta sha sanyin Turai, ta zo ta sha ranar Afrilu da Mayu ta Maradi shekara da shekaru, ta bushe kamar ƙirgi. Ga kuma hannun duk wanda ya taɓa motar tun daga tashar ruwan Kwatano zuwa yau.

Warin fetur ɗin ba shi da wuyar bi. Motarka mai injekta ce, famfon da ke cikin tanki yana tura mai da ƙarfin kusan bar 3, ya fi iskar da ke cikin tayarka. Hudar da ba ta wuce tsinin ƙaya ba a jikin tiyo feshi take yi kamar na kwalbar turare. Ka fi jin warin da safe ne saboda roba a takure take in ta yi sanyi, in inji ya ɗauki zafi sai ta saki ta ɗan toshe, abin da ya zuba kuma ya bushe. A tayar da ita da sanyin safiya, kapo a buɗe, a duba bakin filta, wuyan kowace injekta da tiyon da ke mayar da mai tanki, sannan a ɗaga kujerar baya a leƙa murfin famfo. In za a canja tiyo, sai wanda aka yi don injekta, mai zare a cikinsa, da maɗauri mai noti. Farin tiyon janareta da ake ɗaurewa da wayar ƙarfe kada ka yarda ya hau motarka. A duba kuma ko baƙin mai ko man sitiyari na tsiyaya kan wuyan salansa, don wurin nan zafinsa ɗaruruwan digiri ne, kuma mai kauri da ya liƙe a kansa yana kamawa.

To, mu zo kan fis, don nan ne raina ke ɓaci. Da wuya rana ta fito ta faɗi ban ciro waya ko takardar kwalin taba daga akwatin fis na wani ba. Kuma magana ɗaya ce kullum: fizibil ɗin, wato fis, shi ne ba shi da ƙarfi. Malam, aikin fis ke nan, ya zama marar ƙarfi. Da gangan aka yi shi ya fi kowace waya da ke layinsa rauni, don in wuta ta yi yawa shi ya fara narkewa cikin ɗan gidansa inda ba abin da zai kama. Fis ɗin da ya ƙone sau huɗu cikin wata guda mai gadi ne da ya yi maka ihu sau huɗu cewa ɓarawo ya shigo. Mai gyaranka ya kama mai gadin ya toshe masa baki, ya karɓi kuɗinka, ya bar ɓarawon a cikin gida.

Mutane na ɗauka fis rediyo yake karewa ko ƙwan fitila. Waya yake karewa. Lambar da ke kansa an zaɓe ta ne gwargwadon kaurin wayar da ke biye da shi: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Shi ya sa wanda ya cire ja ya sa kore bai fi wanda ya naɗa waya da yawa ba. Zafin waya ba daidai da wutar yake hawa ba. In wutar ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. In ta ninka uku, kamar daga 10 zuwa 30, zafin ya ninka tara. Rigar wayar mota kuwa roba ce, da zafi ya zarce na tafasar ruwa ta fara laushi.

Ana raina batir saboda ba ya jan mutum kamar wutar NIGELEC. Gaskiya ne, bolt 12 ne kawai. Amma batirin da ke juya inji da safe ɗaruruwan ampiya yake bayarwa a lokacin, kuma duk bakaniken da sifana ta taɓa haɗa masa kawunan batir biyu ya ga yadda take cin ƙarfe. Ranar da siririyar wayar fitilarka ta manne da jikin mota sosai, ba fis a gabanta, duk ƙarfin nan cikinta zai bi. Sai ta yi ja tun daga gaban mota har but, ta narkar da maƙwabtanta da aka naɗe su tare, su ma su haɗe. A nan kashe makulli ba ya wani amfani, don cikin ƙunshin akwai wayoyin da ke da wuta dare da rana.

Bara wani direban Hiace mai lodin Dakoro ya kawo mini motarsa, wai hayaƙi ya fito masa ta ƙarƙashin sitiyari sau ɗaya ya ɗauke. Da na buɗe akwatin fis, a gurbi guda sai ga takardar kwalin taba an ninke ta huɗu an cusa, ta yi baƙi ƙirin, robar da ke kewaye da ita ta lotsa kamar kyandir. Na yanke salatif ɗin ƙunshin wayoyin, na tarar wajen taƙi biyu sun narke sun zama dunƙule ɗaya kamar alewa, jan ƙarfen ciki in ka lanƙwasa shi sai ya karye. Dab da su ga soson kujera da ledar ƙasa. Mutumin nan cike yake ɗaukar fasinja, mata da goyo a kujerar can baya, ƙofar fita kuma guda ɗaya ce mai ja. Na nuna masa, ya riƙe baki, sannan ya tambaye ni ko ba za a iya naɗe ta ba ya yi lodi ɗaya tukuna. Ban ba shi makullin ba sai washegari.

Ƙaurin robar da kake ji da dare shi ne wannan, a farkonsa. Ka lura sai fitila na kunne yake zuwa. Wayar fitilun baya doguwa ce, ta ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa take bi har but, kuma a yankin kujerar baya ba ta da nisa da saman tanki. Wuraren da na fi samun ta a goge: inda ƙunshin ke lanƙwashewa duk sanda aka buɗe but, inda ya ratsa ƙarfe bayan robar hudar ta faɗi, gidan ƙwan da ya yi tsatsa, da inda ɓera ya ci, musamman motar da ke kwana kusa da rumbu ko buhunan gyaɗa. Girgizar hanyar burji kuma ita ke ƙarasa aikin, shi ya sa abin ke zuwa yana tafiya.

Nemo wurin ba ya buƙatar kwamfuta. A cire wayar da aka naɗa, a haɗa ƙwai mai wat 21 a gurbin fis ɗin, a cire ƙwayayen baya, a kunna fitila, a bi ƙunshin ana motsa shi da hannu. Inda ƙwan ya haska fes, nan ɓarnar take. Aikin awa ɗaya ne ko biyu. Mai gyaran da ya ce maka ba a iya ganowa, ko bai iya ba ne ko yana ƙyashin lokacinsa, ka ɗauke motarka ka kai gaba. In an gyara, a mayar da fis mai lambar da aka rubuta a murfin akwatin, kuma gara a ciro na asali daga motar da aka yanka da a sayi na leda marar suna, don na ga irinsu robarsu ta narke ƙarfen bai tsinke ba.

Tunda an buɗe, a bi duk abin da aka ƙara wa motar. Ƙwan gaba na asali wat 60 da 55 ne, ana cire shi a sa mai 100 a kan waya da makunnin da ba a yi su don haka ba. Ana jan wayar lasifika, ƙahon iska da cajar waya kai tsaye daga kan batir ba fis. Mafi muni ita ce fanka: a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, wai zafin ƙasarmu bai dace da shi ba, a haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, da wayar gida, ba rile (makunnin da ke ɗaukar nauyin wuta mai ƙarfi) ba fis. Ranar da ƙura ta cika injin fankar ya cije, wayar nan ce za ta zama ashana.

Kuma don Allah a rage ɗora wa abin da bai ji bai gani ba. Mota ta ƙone sai ka ji an ce rana ce, ko man ruwa-ruwa na kwalba ne, ko baki ne ya kama mai ita. Fetur ba ya kamawa da kansa sai zafi ya haura digiri 250, ranar Maradi kuwa ko a tsakiyar bazara arba'in da wani abu take. Man kwalba yana iya zuwa da datti ko ruwa ya kashe maka famfo, amma na kwalba da na gidan mai duk tartsatsi ɗaya ke kunna su. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai ja. Sai dai Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Wanda ya san ya cusa waya a gurbin fis ya tura iyalin wani kan hanya, ya shirya amsar da zai bayar, don kuɗin fis bai kai na shayi da burodi ba.

In har abin ya faru, Allah ya kiyaye, ka tsaya, ka kashe inji, ka fitar da kowa kafin ka tuna da takardu ko kaya. Kada ka wangale kapo, iska za ka ba ta, kuma a fuskarka za ta tashi. Ka ja abin buɗewa ya ɗan ɗaga, ka fesa ta tsagar. Ruwa ba ya kashe fetur, ɗaukar shi yake ya kai inda bai kai ba, yashi ya fi shi, kuma yashi ba ya yi mana wuya a nan. In ta shiga cikin ɗakin mota, ka bar ta, ku ja da baya sosai, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Batun sayarwa kuwa, in ka sayar da ita a haka ka miƙa wa wani Musulmi abin da kake gudu, kuma wadda za ka saya da kuɗin ita ma ba ka san hannun da ya bi ta ba. Gyara taka ya fi sauƙi. Sai ka ƙara da tukunyar kashe gobara mai gari, ta kilo 2 in da hali, don ta kilo 1 cikin ƴan daƙiƙu take ƙarewa. Ba irin ƴar gwangwanin da ake saye don nuna wa jami'ai in za a shiga Katsina ta Jibiya nake nufi ba. Ka duba allurarta tana kan kore, ka riƙa juya ta kana girgizawa duk bayan wata biyu ko uku don garin kan dunƙule, ka ɗaure ta ƙarƙashin kujerar gaba inda hannunka zai kai kana zaune.