Amsa ga 'yar'uwar da jiri ke ɗiba in ta miƙe tsaye

Sannu 'yar'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Kin ce duhu na rufe miki ido da zarar kin miƙe, kina neman dabara ban da shan magani. Wallahi da yawanmu a nan da shi muke fama.

Ba lokacin da ya kai tashin asuba muni. An kwana ba a sha ruwa ba, ki zabura jin kiran sallah, jini wajen rabin lita ya gangara ƙafafu da ciki, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Kunne ya ɗau ƙara, gwiwa ta saki, ki dinga laluben bango. Abin haushi, wani ya ce raki ne, wata ta haɗo miki maltina da madara wai jininki ya ƙare, ba wanda ya ɗora miki abin awon hawan jini. A auna ki bayan kin kwanta minti 5, a sake bayan kin miƙe da minti 1, da kuma minti 3. In lambar sama ta awon ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, to jininki ne ke sauka in kin miƙe.

Ki kwana da fiya wata a gefen gado. Ki shanye leda guda, rabin lita ke nan, ki zauna a bakin gado kina motsa ƙafafu kamar minti 2, sannan ki tashi. A yini ki sha leda 4 zuwa 5, da bazara fiye da haka. Ƙafafun gado na wajen kai a ɗora su kan katako mai kaurin santimita 10 zuwa 15. Tara matasai ba ya yi.

In jirin ya taso kina tsaye, ki harɗe ƙafafu ki matse cinyoyi, ko ki tsuguna nan take, kunya ba taki ba ce. Sallah ma, in tasowa daga sujada na juya ki, ki yi a zaune.

Malmalar tuwo babba na janye jini zuwa hanji, ki rarraba cin. Wanka da ruwa mai zafi sosai na buɗe jijiyoyi, zoɓo kuma na iya ƙara saukar da jinin.

Gishiri dai kar ki ƙara sai likita ya yarda, balle mai ciwon zuciya ko ƙoda. In kin taɓa suma, ko ƙirji na ciwo, ko bayan gida ya yi baƙi, ki tafi asibiti yau. Kuma wane magani kike sha? Na hawan jini da masu sa fitsari su ne kan gaba wajen jawo wannan, sai dai kar ki daina da kanki.