Lauya ya riƙe kuɗin gidan gado: ina za a kai ƙara?

Hajiya, kin ce lauyanku ya karɓi kuɗin gidan gadonku na Nima da aka sayar, wata takwas ke nan yana ta yau da gobe. Ki rubuta koke ki kai wa General Legal Council, wato hukumar da ke kula da aikin lauyoyi a Ghana, a nan Accra. Dokar lauyoyi ta 1960 ta ba kwamitinsu na ladabtarwa ikon dakatar da lauya, ko soke sunansa daga rajista gaba ɗaya.

Sai dai kada ki je hannu rabbana. Ki haɗa rasit, takardar banki da duk saƙonnin da ya turo miki ta WhatsApp. Ƙanena ya taɓa damƙa wa wani lauya kuɗin fili hannu da hannu, saboda yarda, babu ko rubutu. Da magana ta tashi mutumin ya musanta, har yau abin yana ci mana rai.