Ina Jin Zafin Ci Gaban Aminiyata, Yaya Zan Yi?

Assalamu alaikum Anti. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina da aminiya, tare muka yi karatu, tare muka kama aiki. Bara aka yi mata ƙarin girma, ni kuwa ina nan inda nake. Tun daga lokacin, duk alherin da ya same ta sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. A baki ina taya ta murna, da dare kuma in kasa barci ina ta bin hotunanta a waya. Abin da ya fi tayar mini da hankali, kwanan baya ta yi kuskure aka yi mata faɗa a wurin aiki, sai na ji sanyi a raina. Alhali ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Anti, ni muguwa ce? Yaya zan rabu da wannan abu?

Daga wata ƙanwarki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Muguwa ba ta hana idonta barci tana tuhumar kanta. Amma ba zan rufe ki ba, wannan sanyin da kika ji hassada ce ta fara kafa saiwa, kuma gara a tumɓuke ta tun yanzu.

Malamai sun raba abin gida biyu. Akwai son a samu irin abin da wani ya samu ba tare da fatan nasa ya gushe ba, wannan shi suke kira gibɗa, kuma babu laifi a cikinsa. Hassada ita ce fatan ni'imar ta bar hannun mai ita. Zafin da ke faɗo wa zuciya ba da shiri ba, ba ke kika kira shi ba. Abin da ke hannunki shi ne abin da harshenki da hannunki za su yi bayansa.

Kada ki yi mamakin cewa aminiyarki ce abin ya faɗa wa. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Leon Festinger, ya bayyana cewa mutum yana auna kansa ne da wanda yake gani daidai da shi. Shi ya sa dukiyar attajirin da ba ki sani ba ba ta dame ki ba, ƙarin girman wadda kuka zauna aji ɗaya ya dame ki. Annabi Yusuf ma ai ƴan uwansa ne suka jefa shi rijiya.

Ki samu ƙaramin littafi. Kwana 7 a jere, duk lokacin da nauyin ya zo ki rubuta ƙarfe nawa ne, me kika gani ko kika ji, kuma mene ne takamaimai kika so a ce naki ne. Nan mutane da yawa suke kuskure, sai su rubuta "komai nata ya fi nawa". Wannan ba ya magani. Albashin ne? Girmamawar da ake mata ne? Ko jin cewa an manta da ƙoƙarinki? Idan kika gane, sai ki mayar da shi aiki: ki tambayi shugabanki a fili abin da ake buƙata kafin a ƙara wa mutum girma, ki zaɓi abu ɗaya daga ciki, ki ware masa minti 30 kullum.

A daidai lokacin da zafin ya taso kuwa, ki yi mata addu'a da sunanta: Allah ya sanya mata albarka, ya ƙara mata. Da farko za ki ji kamar ba daga zuci ba, ki ci gaba. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya yi wa ɗan uwansa addu'a a bayan idonsa, mala'ika yana cewa "kai ma kana da irinta". Sannan ranar nan kada ki yi zancenta da kowa, domin ta nan hassada take rikiɗa ta zama gulma, kuma ita ta fi wuyar gyara.

Batun waya: ki ɓoye abubuwan da take sakawa da hotunanta na wata ɗaya ba tare da kin toshe ta ba, ki kuma ajiye wayar nesa da gado awa ɗaya kafin barci. Abin da mutane ke sakawa zaɓaɓɓe ne, ba sa nuna bashinsu da hawayensu.

Kada ki yanke zumunci da ita. Nisa yana ƙara wa zuciya zato, kusanci kuma yana nuna miki wahalar da take sha a sabon matsayin. Kada kuma ki je ki ce mata kina mata hassada, nauyi za ki ɗora mata a banza. Gara ki taimaka mata ta gyara kuskuren nan da aka yi mata faɗa a kai.

Idan rashin barcin ya wuce mako 2, ga baƙin ciki da rashin sha'awar komai da ganin kanki ba a bakin komai ba, ki ga likita, domin ciwon damuwa kan shigo da irin wannan kama. Ki sake rubuto mini bayan wata ɗaya in ji abin da littafin ya nuna miki.