Bunƙasar kamfanonin fasahar kuɗi: wa ke cin riba, wa ke ɗaukar asara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum muna jin kamfanonin fasaha na Legas sun samu miliyoyin daloli, mu kuwa abin da muke gani a unguwa shi ne laima da mai POS a kowace kwana. Wannan bunƙasar ta amfani talaka kuwa? Ina da naira 300,000, ina tunanin shiga sana'ar. Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Bunƙasar gaskiya ce. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan sama da dala miliyan 200, a 2022 darajar Flutterwave ta haura dala biliyan 3, Moniepoint kuma ta kai biliyan 1 a 2024. Talaka ma ya amfana. Mutumin ƙauye da a da sai ya biya kuɗin mota ya wuni a layin banki, yanzu a bakin kasuwa yake cirar kuɗinsa. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da manhajojin bankuna suka riƙa tsayawa, OPay da PalmPay da Moniepoint ne suka riƙe cinikin mai shayi da mahauci.

Sai dai rabon bai zo daidai ba. Manyan ayyukan, irin su rubuta manhaja da tsaron bayanai, sun fi taruwa a Legas, babban kason riba kuma na masu zuba jari ne, da yawansu 'yan ƙasashen waje. Abin da ya fi isowa Arewa shi ne wakilci, wato sana'ar POS, kuma wakili ne ke zaune da tsabar kuɗi a bakin titi. Wannan ya dame mu ƙwarai.

Ga lissafi kafin ka sa jarinka. A ce kana karɓar naira 100 a kan kowace 5,000. In ka juya 200,000 a rana, ka samu 4,000. Cire kason kamfani, kuɗin data, caji, takardar rasit da kuɗin wuri. Alat ɗin bogi guda na 50,000 zai cinye wahalar kusan mako biyu. Don haka kada ka miƙa kuɗi don an nuna maka saƙo a waya, sai ka ga sun shiga asusunka da idonka.

Babbar matsala ita ce samun tsaba. In kana sayenta, ribar ta tafi. Ka ƙulla da gidan mai ko babban ɗan kasuwa: ya ba ka cinikinsa na rana, ka tura masa ta asusu. Ka riƙe layukan waya daban-daban, kuma kada ka zuba duk jarin a nan. Kai da ke Zamfara ka san abin da ya faru a Satumbar 2021, da aka katse layukan sadarwa sana'ar ta tsaya cak. Ka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sana'o'i, domin tun 2024 aka wajabta wa masu POS. Ka kuma ajiye littafin rubuta suna da lambar duk wanda aka turo wa kuɗi masu yawa ta hannunka, saboda kuɗin damfara ko na fansa in suka bi ta asusunka, kai za a fara rufe wa asusu.

Tambaya: Ƙanena ya ci bashi a wata manhaja, yanzu suna aika wa 'yan uwa saƙo wai ɓarawo ne. Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Hajiya, lokacin da ya sauke manhajar ya ba ta izinin ganin lambobin wayarsa, da su ake tozarta shi. Irin waɗannan sukan rubuta 20,000, su ba da ƙasa da haka, su nemi cikakken biya cikin kwana 7, ga kuɗin ruwa. Ya ɗauki hoton saƙonnin, ya cire izinin a saitin waya, ya kai ƙara FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayayya, wadda tun 2022 take yi wa masu ba da bashin intanet rajista. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma tana gefensa. Tun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa na Play Store taɓa lambobi da hotuna, shi ya sa wadda aka turo ta WhatsApp ta fi haɗari. Uwar kuɗin da ya karɓa kuwa haƙƙi ce, ya biya.

Tambaya: An cire min kuɗi a POS amma na'ura ta ce bai yi ba. Daga wani mai karatu a Azare.

Amsa: Kada ka kama mai POS da faɗa, kuɗin ba su shiga wajensa ba. Karɓi rasit ɗin, akwai lambar RRN a jiki, wato lambar shaidar cinikin. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce a mayar cikin awa 72. In ba su dawo ba, kai koke bankin da ya ba ka kati, ka karɓi lambar koken. Bayan mako biyu ba a warware ba, rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan ciniki na Babban Bankin, ka haɗa da hoton rasit da lambar.