Ɗana ya haddace juzu'i Amma amma ya kasa haɗa baƙi

TAMBAYA: Slm Anti, dan Allah a taimaka min. Ɗana shekararsa 7, yana saffi (aji) na biyu, juzu'i Amma duk yana kansa, amma in ka buɗe Mus'hafi ka ɗora yatsa a tsakiyar sura sai yai tsuru tsuru. Ustaz ɗinsa yace wasa ne yai masa yawa, babansa har ya fara dukansa lokacin wajib (aikin gida na makaranta), kakarsa kuma tace Hausar da muke masa a gida ce ke rikita masa Larabci. Wlh abin na hana ni barci.
Wata uwa, Shari'u Mansur, Makka

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar uwa. Kafin komai a ajiye bulalar nan dan Allah, yaron da ya riƙe surori 37 da kunne ba rago bane ba kuma daƙiƙi ba. Abin da kika faɗa yai kama da disleksiya, wato usrul ƙira'a a bakin Larabawa. Matsalar a wajen haɗa sauti da harafi take, ƙwaƙwalwar yaron tana shan wahala wajen tsinka kalma sauti sauti, shi yasa hadda ke masa sauƙi karatu kuma ya zama dutse. Tun 1887 wani likitan ido a Jamus, Rudolf Berlin, ya sa mata wannan suna, kuma tana bin dangi sosai, ki tuna ko akwai kawu ko baffa da ya gudu daga makaranta saboda karatu ya ƙi shiga.

Ki ɗan waiwaya baya, ya yi jinkirin magana? Yana juya kalma har yanzu? Ranakun mako suna cakuɗe masa? Sai ki gwada shi cikin wasa kina tsinke zogale ko wani aikin, kar ya gane jarabawa ce, kice kawo min kalmar da ta yi amo ɗaya da rana, in ya kasa cewa kwana ko gona, ko kice in aka cire "ba" a baki me ya rage ya tsaya yana kallonki, toh wannan alama ce mai ƙarfi. Rikita haruffan ba da ta da sa, ko jim da ha, tunda ɗigo ne kawai ya raba su, yara da yawa na yi a farkon karatu, sai in ya ƙi wucewa bayan shekara guda ana koyarwa shi ne abin dubawa.

Maganar kaka kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, harshe biyu baya kawo disleksiya, ku ci gaba da Hausarku.

Ki fara kai shi mustausaf (ƙaramin asibiti) a duba ido da kunne, dan wani yaron allon ne baya gani. In lafiya lau ne ki je madrasa ki tambayi barnamijin su'ubatut ta'allum, wato shirin yara masu wahalar koyo, makarantun gwamnati da dama a nan Saudiyya suna da ɗakin da malami na musamman ke gwada yaro ya zauna da shi. A gida kuma minti 10 zuwa 15 kullum ya isa, harafi ɗaya yana faɗin sautinsa yana zana shi da yatsa a faranti mai gishiri ko shinkafa. Ki nuna wa babansa wannan shafin, in da hali shi ya riƙa zama da shi bayan Magariba.