Tambaya da Amsa: Ɗan Aikena na Kwamfuta Yana Ɗauko Abin da Ba a Aike Shi Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na haɗa wa wata ƙungiyar 'yan kasuwar shinkafa ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira a WhatsApp, na ba shi kayan aiki uku: na duba farashi, na duba abin da ya rage a sito, da na rubuta ciniki. Sai a tambaye shi farashi ya je ya leƙa sito. Rannan kuma kuɗin mudu ya ba mutum a matsayin na buhu. An ce mini bayanin kayan aikin ne bai yi ba. Yaya zan gane mai kyau? — Mai karatu daga Birnin Kebbi

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya gaya maka ya yi gaskiya. Ɗan aiken nan ba ya ganin manhajar da ka rubuta. Abu uku kawai ke isa gare shi: sunan kayan aikin, bayaninsa, da guraben da zai cike, waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wato tsarin rubutu da ke fayyace irin abin da kowane gurbi zai ɗauka. Duk abin da ka bari a ranka, shi cinta zai yi.

Gwajin farko ba ya bukatar kwamfuta. Kwafe bayanan uku a takarda, ka miƙa wa wanda bai san ƙungiyar ba, ka ce: "Alhaji na son sanin nawa ake sayar da buhu a Jega. Wanne za ka ɗauka, me za ka cike?" In ya ɗago kai ya tambaye ka wani abu, to wannan abin ne bayanin ya rasa.

Mu ɗauki na farashi. Mai yiwuwa abin da ka rubuta bai wuce "yana duba farashin shinkafa" ba. Wace shinkafa, shanshera ko gyararra? Da wane awo, buhu, mudu ko kilo? Buhun ma mai kilo nawa? Farashin yau ne ko na kasuwar da ta ci? A Kamba, bakin iyakar Nijar, har da naira ko sefa sai an fayyace. Kamfanin Anthropic, ɗaya daga masu ƙera ƙirƙirarriyar basira, na ba da shawarar kowane bayani ya kai aƙalla jimla 3 zuwa 4, kuma mun fi son ya tafi kamar haka: "Yana dawo da farashi na ƙarshe da aka rubuta, da naira, a kasuwa ɗaya. A kira shi idan an tambayi kuɗin shinkafa. Kada a kira shi don sanin yawan buhunan da ke ajiye, wannan aikin duba_sito ne, wato na duba sito. In ba a faɗi awo ba, a tambayi mutumin." Jimlar "kada a kira shi" ita aka fi mantawa, alhali ita ke raba kayan aiki biyu masu kama da juna.

Gurbin awo kuwa kada ka bar shi a sake. Ka ƙayyade masa zaɓi uku kacal, buhu, mudu, kilo, ka sa shi cikin guraben da dole a cike. Haka sunayen kasuwanni: Argungu, Jega, Yauri, Kamba. Kwanan wata ka nuna tsarinsa da misali, 2025-04-03, domin 03/04 na iya zama Afrilu ko Maris. A sunan kayan aiki, guji ƙ da ɗ da ɓ: Anthropic da takwaransa kamfanin OpenAI haruffan boko na Ingilishi da lambobi da ɗan layi kawai suke karɓa. Cikin bayani dai rubuta su yadda kake so.

Sai gwaji na gaske. Tara tambayoyi kamar 30 daga saƙonnin da 'yan ƙungiyar suka aiko, yadda suka rubuta su, har da "nawa take yau?" Sa wasu da ba su bukatar kayan aiki ko ɗaya, kamar gaisuwa. Rubuta amsar da ta dace gaban kowace kafin ka gwada. Maimaita kowace sau 5, don amsarsa na sauyawa. Ƙirga kuskure gida-gida: ya ɗauki wanda ba shi ba, ya cike gurbi ba daidai ba, ya ƙirƙiro abin da ba a faɗa ba, ya ƙi kira inda ya kamata. Gyara jimla ɗaya, ka sake gwada duka. In ka sauya biyar a lokaci guda ba za ka san wadda ta yi aiki ba.

Kayan aikin rubuta ciniki ya fi damun mu, don kuɗin mutane ne. Bayaninsa ya faɗa ƙarara cewa yana sauya littafin ƙungiya, kuma kada a kira shi sai an karanta wa mai ciniki adadi da kuɗi ya amince. Kada ka dogara ga bayanin kaɗai: manhajar ita ma ta ƙi rubutawa sai ta ga amincewar, in ta ƙi kuma ta faɗi dalili, misali "ba a saka awo ba", yadda ɗan aiken zai koma ya tambayi Alhaji.